Na saka rashin lafiyarta a guruf, yanzu kuma ana cewa na ci kuɗin gudummawa

Tambaya

Salama a gare ku. Ni mace ce mai shekara 41, ina sayar da atamfa a Sabon Tasha, ina kuma sujada a wata majami'ar Methodist da ke kudancin garin Kaduna. Shekara biyu ke nan da aka ɗora mini karɓar gudummawa da saka sanarwa a guruf ɗinmu na WhatsApp. Asusuna na banki ake turo kuɗin, don ba mu da wani. Watan jiya wata 'yar'uwa ta kwanta asibiti za a yi mata aiki. Na je gaishe ta, na ɗauki hotonta, na saka a guruf tare da sunan ciwon don a yi addu'a a kuma taimaka. Mijinta ya kira ni ya ce na tona musu asiri, tun daga ranar ba su sake zuwa sujada ba. Bayan mako biyu mahaifin wani babba a cikinmu ya rasu. Jerin sunayen da aka rubuta a guruf ya nuna naira 180,000, amma da na haɗa abin da ke hannuna, 166,000 na miƙa. Yanzu ana raɗe-raɗin na ci 14,000. Wasu kuma na cewa ina nuna bambanci, don lokacin da ɗan wata gwauruwa ya karye, 23,000 kawai aka samu. Allah ne shaidata ban ci kwabon kowa ba. Ina so in ajiye aikin in koma wata ikilisiya. Me kuke gani?

Amsa

'Yar'uwa, salama, sannu da wannan nauyi. Mun yarda ba ki ci kuɗin kowa ba, amma yardarmu ba za ta wanke ki a idon jama'arki ba. Takarda ce za ta wanke ki. Don haka kada ki ajiye aikin yanzu, kada kuma ki bar majami'ar. Duk wanda ya tafi ana cikin zarginsa, kamar ya sa wa zargin hannu ne. Kuma tsakanin Sabon Tasha da Barnawa da Narayi babu inda za ki je maganar ba ta riga ki isa ba. Wadda za ki zauna kusa da ita a sabuwar ikilisiyar, ƙanwarta tana cikin zumuntar matan da kika baro.

Cikin abubuwan da kika lissafa, guda ɗaya kuskurenki ne. Sauran kuwa laifin yadda aka tsara aikin ne, da aka damƙa kuɗin jama'a da bakin jama'a duka a hannun mutum ɗaya, ba doka a rubuce, ba mai duba baya. Da naki za ki fara.

Hoton nan bai kamata ba. Niyyarki mai kyau ce, amma ki dubi abin daga kan gadon da take kwance: ba ɗankwali, da robar ƙarin ruwa a hannu, ga sunan ciwon da wataƙila ko surukarta ba ta sani ba, cikin minti ɗaya ya shiga wayoyi sama da ɗari. Wasu sun tura gaba, wasu sun ɗora a sitatus da kalmar "a taya mu addu'a". Ciwon mace musamman, in ya shafi mahaifa ko nono, akwai waɗanda ba su so ko a cikin dangi a ambata. Mijin kuma abin da ya ji shi ne an sanar wa duniya cewa ya kasa biyan kuɗin asibitin matarsa. Magana zarar bunu ce. Ko a dokar ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2023 kan kare bayanan mutane, labarin lafiyar mutum yana cikin bayanan da aka fi tsananta wa tsaro.

Ki je gidansu da ƙafarki cikin makon nan, kada ki tura saƙo. Ki tafi da mutum ɗaya da suke jin nauyinsa, shugaban ajinsu (aji shi ne ƙaramin rukunin membobi a majami'ar Methodist) ko Mama Rabaran, ba tawaga ba. Ki kira tukun ki nemi lokacin da maigidan yake gida. In kun zauna an gaisa, ki faɗi abin kai tsaye: "Baba, Mama, na saka hoton da labarin ba tare da na tambaye ku ba. Na yi kuskure, ku yafe mini." Nan ki tsaya. Kada ki ƙara da "ai don in taimaka ne", sun sani, kuma wannan kalmar tana mayar da ban haƙuri ya zama kare kai. In maigidan ya yi faɗa, ki bar shi ya sauke abin da ke ransa. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wanda kika ɓata wa.

Sai ki tambaye su abu biyu. Na farko, me suke so a yi da saƙon? WhatsApp yana barin mutum ya goge saƙonsa daga wayar kowa cikin kamar kwana biyu ne kawai, naki ya wuce. Abin da ya rage shi ne a roƙi membobi su goge da kansu, amma wannan roƙon zai sake tayar da maganar, saboda haka kada ki yi shi, kada kuma ki ba da haƙuri a guruf, sai in su suka ce suna so. Na biyu, kuɗin da aka tara dominsu: ki kai musu da jerin waɗanda suka bayar. In suka ce ba su so, kada ki riƙe, kada kuma ki juya shi zuwa wata buƙata da kanki. Ki kai maganar wurin Rabaran a mayar wa kowa nasa, ko a nemi izinin masu shi. Kada ki matsa musu da dawowa sujada a ranar. Wannan aikin Rabaran ne da shugaban aji, kuma zai ɗauki makonni.

Yanzu maganar 14,000. Rantsuwa ba ta da amfani a nan, kuma kada ki yarda wani ya ce ki dafa Littafi Mai Tsarki. Ki je banki, ko ki shiga manhajar bankin a wayarki, ki fitar da bayanin asusunki tun daga ranar da aka buɗe gudummawar zuwa ranar da kika miƙa, ki buga shi a takarda. Ki kwafe jerin sunayen guruf ɗin a littafi, kowane suna layinsa, da gurbi huɗu a gabansa: abin da ya rubuta, abin da ya shigo, ranar da ya shigo, da hanyar da ya biyo, ko ta banki ko hannu da hannu. Ki zauna da biro mai launi, duk sunan da kika ga kuɗinsa a takardar banki ki yi masa alama a wuraren biyu. Kada ki yi wannan ke kaɗai. Ki roƙi ma'ajin majami'a ko ɗaya daga cikin sitiwod-sitiwod, wato masu kula da dukiya da hidimar majami'a, ya zauna da ke. Kuɗin cinikinki da ke cikin takardar ki rufe shi da wata takarda in kin ga dama, ba shi ake nema ba.

Irin wannan giɓin yana da wuraren da ya saba ɓuya. Babba a cikinsu shi ne jerin guruf jerin alkawari ne, ba rasit ba. Mutum ya ga sunaye na hawa, ya ƙara nasa da 5,000 don kada a ce ba ya ciki, da niyyar zai tura in albashi ya shigo, sai ya manta. Mutum biyu irin wannan sun cinye 10,000 daga giɓinki. Akwai kuma wanda ya tura ta wurin mai POS, sai kuɗin ya shigo da sunan mai shagon, ke kuma kika ɗauka cinikin atamfa ne. Akwai wanda ya turo miki hoton rasit, amma kuɗin ya koma masa saboda matsalar netwok bai lura ba. Akwai dubu biyu da aka cusa miki a ƙofar majami'a ana fita sujada, kina riƙe da jaka da yaro, ya shige cikin canjin kasuwa. Sannan abin da mai POS ya yanka lokacin da kika ciro kuɗin a dunƙule, da kuɗin alat, da kuɗin Keke zuwa gidan rasuwar in daga ciki kika cire. Kowannensu ƙarami ne, amma suna taruwa.

Waɗanda suka rubuta suna ba su tura ba, ki kira su ɗaya bayan ɗaya a asirce: "Yallaɓai, ina daidaita lissafi ne, ban ga naka ya shigo ba, ko za ka duba mini ta wajenka?" Kada ki fallasa sunan kowa a guruf, ko da kina jin zafin abin da aka yi miki. In kuma bayan an gama duka aka ga dubu uku ko huɗu sun salwanta a hannunki, ki biya, amma a fili, a gaban ma'aji, a rubuta a ba ki rasit. Wanda ya cike giɓi a ɓoye, ranar da aka ji za a ce ya mayar da abin da ya sata ne.

In lissafin ya kammala, ke da wanda ya taya ki ku sa hannu, ku kai wa Rabaran, ki roƙi a karanta jimillarsa a taron shugabanni, a kuma sa shi cikin rahoton taron. Layi huɗu sun isa: abin da aka yi alkawari, abin da ya shigo, abin da aka kashe a hanya, abin da aka miƙa. Shi wanda aka yi wa rasuwar a ba shi kwafi. In kin san wanda ya fara yaɗa maganar, Matiyu 18:15 ya riga ya nuna hanya: ke da shi kaɗai tukuna, da takardar a hannunki. In ba ki sani ba, kada ki shiga farauta. Rahoton da aka karanta a gaban shugabanni zai isa kunnen da ya kamata.

A wannan taron ne za ki kawo maganar da ta fi duka muhimmanci, wato daga yau kuɗin ikilisiya ba zai sake shiga asusunki ba, ko asusun wani mutum. Wannan ba rashin yarda ba ne. Manzo Bulus da kansa, da zai kai gudummawa Urushalima, bai ɗauka shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, kuma ya faɗi dalili a 2 Korantiyawa 8:20-21: kada wani ya sami abin zargi, a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma gaban mutane. A zamanin sarki Yowash ma, akwati aka huda wa murfi aka ajiye, in ya cika magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ɗaure. Wanda ya fi ki tsarki bai yarda ya ƙirga shi kaɗai ba.

A aikace, ko dai a yi amfani da asusun majami'a a ware wa gudummawa shafinta a littafin ma'aji, ko a buɗe asusu na musamman da sunan majami'a. Wannan ba ke za ki yanke ba. Ikilisiyar Methodist tana da matakanta, daga majami'a zuwa sakit, wato rukunin majami'u, zuwa dayosis, kuma Rabaran ya san abin da kundin tsarin ikilisiya ya yarda da shi da wanda sai an nemi izini daga sama. Abin da za ki roƙa shi ne masu sa hannu su zama uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa, kuma kada biyu daga cikinsu su fito gida ɗaya. Alat ya riƙa shiga wayoyi biyu. Duk mai turawa ya rubuta sunansa da dalilin a gurbin bayani, wanda ya bi ta POS ya kawo takardar da injin ya fitar.

Kuɗin hannu kuma a daina karɓarsa a ƙofa. A sa tebur ɗaya bayan sujada, mutum biyu a zaune, da littafin rasit mai kwafi da lamba a jere. In an tashi, su ƙirga a ɗakin shiri ƙofa a rufe: a ware dubu-dubu, ɗari biyar-biyar, ɗari biyu-biyu, ɗaya ya ƙirga ya rubuta a ɓoye, ɗayan ya sake ƙirgawa, sannan su gwada. In ya yi daidai da jimillar rasit, su sa hannu da kwanan wata. Ranar Litinin a kai banki, a manna takardar banki a bayan shafin. Kada a biya wata buƙata daga kuɗin da ba a kai banki ba tukuna, ko da ta gaggawa ce, don daga nan lissafi ke fara karkacewa. John Wesley, wanda ya kafa Methodist, ya bar wa masu riƙon kuɗin jama'arsa 'yan dokoki da har yau ba su tsufa ba: kada su kashe fiye da abin da ya shigo, kada su ci bashi, kada su bar lissafi ya wuce mako, kuma wanda ya zo neman taimako kada a yi masa baƙar magana ko mugun kallo, ko da ba za a iya ba shi komai ba. Wata uku-uku, kafin taron sakit, mutum biyu da ba su taɓa kuɗin ba su duba littafin.

Maganar gwauruwa ita ta fi damunmu a wasiƙarki, kuma masu gunagunin suna da gaskiya, sai dai ba ke suka kamata su nuna wa yatsa ba. In dai gudummawa ta "kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa" ce, a jerin da kowa ke gani, to mai jama'a zai samu 180,000, marar kowa ya samu 23,000, ko wa ke riƙe da littafin. Mutane suna bayarwa inda suke sa ran za a rama musu, da inda za a ga sunansu. Wannan biki ne irin na zaman duniya, ba laifi ba ne a wurinsa, amma ba shi ne taimakon ikilisiya ba. Irin gunagunin nan ne ya tashi a Ayyukan Manzanni sura 6, da masu jin Helenanci suka ce ana manta gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce a yi shiru a yi haƙuri ba, sun ce a zaɓi mutum bakwai a ba su aikin. A majami'ar Kaduna da ke haɗa Bajju da Atyap da Adara da Idoma da Igbo da Yarabawa a benci ɗaya, in ba a yi hattara ba wannan bambancin zai ɗauki launin yare, kuma daga nan gyara yana wuya.

Maganinsa asusu ne tsayayye mai ƙa'ida a rubuce, wanda ake zuba wa tun kafin abu ya faru. Ga misalin yadda ake auna shi, ku sa naku alƙaluman. A ce manya 120 ne, kowa 500 a wata. Kada ku yi lissafi da 120, ku yi da 80, don ba kowa zai biya kowane wata ba. Wato 40,000 a wata, 480,000 a shekara. Sai ku buɗe rajistar majami'a ta shekara uku da suka wuce ku ƙirga rasuwa nawa, haihuwa nawa, kwanciya asibiti nawa ake yi a shekara. In kuka ga rasuwar memba uku, rasuwar iyaye ko 'ya'ya shida, kwanciya asibiti goma sha biyu, haihuwa goma, kuna iya yanke 40,000, da 20,000, da 10,000, da 5,000 bi da bi. Jimilla 410,000, saura 70,000 na ko-ta-kwana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yanke adadi mai daɗin ji a taro, 100,000 ga kowace rasuwa, sai a yi rasuwa uku tsakanin Janairu da Maris, asusun ya ƙafe, na huɗu ya tashi hannu wofi da ɓacin rai har abada. Gara kaɗan da za a iya ba kowa. A bar asusun ya yi wata uku ana zubawa kafin a fara fitarwa, kuma a sake duba adadin kowace shekara, don abin da dubu goma ke saya a asibiti bara ba shi take saya bana ba.

A rubuta ƙarara su wane ne "iyali": miji ko mata, 'ya'ya, uwa da uba, surukai in an yarda. In ba haka ba za a yi rigima a kan kawu da ya riƙe mutum tun yana yaro, kuma ranar makoki ba ranar wannan muhawara ba ce. A rubuta kuma cewa ba a ba da rance daga asusun. Wanda yake son ƙara wa abokinsa a kan abin da ikilisiya ta bayar, ya kai masa gida da hannunsa, babu jerin sunaye a guruf.

Amma kada asusun ya zama adashe, a ce wadda ba ta zuba ba ba ta da kwasa. In aka yi haka, gwauruwar nan ce za a fara cirewa. Nan tarihinku yana da abin faɗi. Tsarin aji da kuke da shi, a kan kuɗi ya faro. A 1742 a Biristol ta Ingila, ana neman yadda za a biya bashin ginin ɗakin taro, wani da ake kira Kyaftin Foy ya ce kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako. Aka ce wasu ba su da shi. Ya ce a haɗa shi da mutum goma sha ɗaya daga cikin mafi talauci, zai bi su gida-gida kowane mako, wanda bai samu ba shi zai biya masa. Da masu karɓar suka fara zagawa sai suka riƙa dawowa da labarin wanda ba shi da lafiya, da wanda ke cikin matsala, daga nan aji ya zama wurin kula da rai. Ku yi haka. Shugaban aji ya san wa ba zai iya 500 ba, ya kai sunan wurin Rabaran shi kaɗai, a yafe masa ko wani ya ɗauke masa ba tare da an sanar ba, a littafi kuma a rubuta ya biya.

Wannan ya kawo mu ga sanarwa, don hanyar ɗaya ce. Labarin memba ya kamata ya biyo ta shugaban ajinsa zuwa Rabaran, sannan ya iso ga mai sanarwa, ba daga gadon asibiti zuwa guruf ba. Kafin a faɗi komai a kan mutum, a tambaye shi ko iyalinsa: a ambaci suna? Me za a ce? Ana son masu gaisuwa, yaushe? Ana son a yi maganar kuɗi? Yawancin mutane za su ce a yi addu'a kawai. To sai a ce, "Mama wance ba ta jin daɗi, iyali na roƙon addu'a, za a sanar da lokacin gaisuwa." Ba sunan ciwo, ba hoto, ba lambar ɗaki. Wani labarin kuma iyakarsa Rabaran da shugaban aji: rikicin aure, bashi, wanda aka kora daga aiki, yarinyar da ta yi ciki. Kuma "a sa su a addu'a" ba lasisin gulma ba ne.

Rasuwa tana da nata hattara. Kada kowa ya saka hoto da "ka huta lafiya" sai iyali sun tabbatar an gaya wa na kusa. Tsohuwa a Zonkwa ko Kafanchan ba ta cancanci ta ji mutuwar ɗanta daga bakin yaron maƙwabta da ya gani a waya ba. A jira kalmar iyali, ko da zai kai gobe.

Akwai kuma abin da zaman Kaduna ya koya wa kowa. Ba a sanar da wanda zai yi tafiya, da ranar, da hanyar da zai bi. In za a raka gawa ƙauye ta hanyar Kachia, lokacin tashi da wurin haɗuwa a faɗa wa masu tafiyar kaɗai. Ba a karanta adadin da mutum ya bayar a bikin godiyar kaka a lasifikar da ake ji har bakin titi, ba a kuma saka shi a guruf. In Allah ya kiyaye aka ɗauke wani, ko kalma ɗaya a kan tara kuɗi kada ta shiga guruf, don ba ku san inda saƙo ke ƙarewa ba, kuma jin cewa ikilisiya na tarawa yana iya sa a ƙara wa iyalin nauyi. Wannan na Rabaran ne da iyali da jami'an tsaro. Shugaban Methodist na ƙasa baki ɗaya na lokacin, Samuel Kanu-Uche, an sace shi a hanya a jihar Abiya a watan Mayun 2022, balle ɗan kasuwar da aka ji ya ba da rabin miliyan ranar Lahadi.

Guruf ɗin a raba shi biyu. Ɗaya na sanarwa zalla, a saita shi yadda admin kaɗai ke iya rubutu, admin uku, Rabaran a ciki. Ɗayan na gaisuwa da hira, shi ma da doka: ba siyasa, ba talla, ba labarin hari da ba a tabbatar ba. Wata uku-uku a bi lambobin a cire waɗanda ba a san masu su ba, don layin da aka daina amfani da shi kamfani kan sake sayar wa wani. Sanarwar Lahadi ta iso a rubuce kafin yammacin Juma'a, Rabaran ya gani, a karanta cikin minti biyar zuwa bakwai, da Hausa da Turanci duka, abin da ya shafi kwanan wata da wuri a maimaita sau biyu. Ki tuna da iyayenmu masu ƙaramar waya da waɗanda ba su karatu: a yi musu saƙon murya, ko shugaban aji ya kira su. Sau da yawa wanda ake cewa ba ya zuwa gaisuwa, ba a gaya masa ba ne.

In an karanta lissafinki, an kuma amince da sabon tsarin, sai ki zaɓi ɗaya cikin ayyukan biyu ki roƙi a ba wani ɗayan, da wa'adin shekara biyu ga kowa. In ma kin ga kina buƙatar hutu gaba ɗaya, a lokacin kina iya ajiyewa, ki miƙa littafi da rasit da takardun banki a gaban shaidu, a rubuta abin da kika miƙa. Kafin nan, cikin makon nan, bayan kin fito daga gidan marar lafiyar, ki biya ta wajen gwauruwar ki duba ƙafar yaron, ki tambaye ta ko akwai sauran bashin asibiti ko na mai ɗori. In akwai, ki nemi izininta, ki kai wa Rabaran adadin a rubuce, ya zama abu na farko da sabon asusun zai duba.